ROKAR TALAKA: GORAR LEMO, RUWA DA FAMFON KEKE

Duk wanda ya ratsa unguwar Sarkin Dawaki ta cikin garin Jalingo da la'asar sakaliya, lokacin da yara suka taso daga makaranta, da wuya ya kai ƙarshen layi bai gamu da yaro yana tura motar da ya ƙera da hannunsa ba. Wata ta kara ce, wata ta gwangwanin madara, an yanko mata ƙafafu daga tsohon silifa, ga kuma dogon sitiyari na waya wanda direba ke riƙe da shi yana tafe yana kukan inji da baki. Haka abin yake a Fagge ta Kano, haka yake a Tudun Wadan Zariya, haka kuma a Maraɗi. Ba malamin da ya koya musu wannan ƙira a aji, ba kuma wanda ke ba su maki a kanta. Galibi ma da yaro ya fara tasawa sai a ce masa ai ya girma, ya bar wasan banza.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da irin waɗannan tarkace da irin wannan hannu, yaron nan yana iya ƙera roka ta gaske, wadda za ta tashi ta wuce tsawon hasumiyar masallacin Juma'a, ta faɗo ya ɗauka ya sake harbawa. Ba ta bukatar albarushi, ba ta bukatar ashana. Gorar lemo ce ta roba, da ruwa, da famfon keke. Dokar da ke ɗaga ta kuwa ita ce dai wadda ta ɗaga kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata cikin watan Yulin 1969.

Kafin a zo ga yadda ake yin ta, ya kamata a faɗi dalilin da ya sa ake nuna wa yara hanyar ruwa maimakon ta wuta, domin ta wutar ma an taɓa bin ta a ƙasar nan.

Cikin shekarar 2011 jaridu suka ba da labarin wani saurayi injiniya, Shehu Saleh Balami, wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Ya ƙera rokoki biyu masu aiki da busasshen makamashi, watau irin wanda ake ɗurawa cikin bututu a kunna masa wuta, ya kuma harba su a bayan garin Kaduna, wajen sabuwar hanyar Millennium City. An ce duk kayan aikinsa a nan gida ya same su, kowace roka kuwa ta ci masa kimanin Naira 30,000. Don mai karatu ya auna kuɗin, a wannan shekarar ne aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 18,000 a wata. Watau da abin da bai kai albashin masinja na wata biyu ba, ɗan Arewa ya yi abin da jama'a ke zaton sai gwamnati mai ƙarfi. Shekara huɗu kafin nan, cikin 2007, wani ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero ta Kano ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, labarinsa ya kai har ƙasashen Turai. Ke nan ba basira ce ta yi ƙaranci ba.

Amma fa Balami injiniya ne, kuma ya yi shekara da shekaru yana nazarin abin kafin ya kunna wuta. Ɗan sakandaren da ya ji labarinsa ya ce shi ma bari ya gwada a bayan ɗakin gyatumarsa, lalle ya ɗauko wa kansa dala ba gammo. Roka mai albarushi da bam 'yan ɗaki ɗaya ne: duka biyu abu ne mai saurin cin wuta a cikin rufaffen bututu. Abin da ya raba su ɗan rami ne kurum, wanda hayaƙi ke fita ta cikinsa. In ramin nan ya toshe, ko makamashin ya tsage a ciki har wuta ta kama shi gaba ɗaya, to, bututun ya zama bam, ƙarfensa kuma ya zama harsashi. Ko ƙwararru ba su tsira ba. Ran 22 ga watan Agustan 2003, a tashar Alkantara ta ƙasar Barazil, wata roka mai busasshen makamashi ta kama da wuta tana tsaye a wurinta, saura 'yan kwanaki a harba ta, ta hallaka mutum 21, injiniyoyi da masu taya su aiki.

Sa'an nan ga halin zamani. Jalingo gari ne da ya san ƙarar albarushi tun farkonsa, don kuwa da taimakon igwar Bafaranshen nan Mizon ne Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci Kona a ƙarshen 1892, kana ya kafa Jalingo cikin 1893. Unguwannin garin ma, irin su Barade da Turaki da Majidadi da ita Sarkin Dawaki, sunayen sarautun fada da na yaƙi suke ɗauke da su. Wannan ya zama tarihi. Abin da mutanen garin suka gani da idonsu shi ne na ran 30 ga Afrilun 2012, sa'ad da ɗan ƙunar baƙin wake ya tarbi ayarin kwamishinan 'yan sanda a tsakiyar gari, mutum 11 suka rasu. Da kuma na Afrilun 2022, sa'ad da bam ya tashi a Iware ta ƙaramar hukumar Ardo Kola, bayan 'yan kwanaki wani ya tashi a Nukkai. A garin da ya ga wannan, saurayin da aka samu da bututun ƙarfe cike da baƙin gari, ga waya tana reto a gindinsa, ba wanda zai tsaya tambayarsa ko kimiyya yake yi. In ya tsira daga hannun maƙwabta, ga dokar abubuwa masu fashewa ta 1964 tana jiransa, wadda ta hana kowa haɗa irin waɗannan abubuwa sai da lasin.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya. Da Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ran 4 ga Oktoban 1957, sai zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka, kowa na dama magunguna a garejin ubansa. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rai. Maganin abin bai fito daga wata babbar ma'aikata ba. Wani mai sayar da takalma ne a Jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da lasin yin wasan wuta, ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin inji mai kwanson takarda wanda ake harbawa sau ɗaya a jefar. Shi da wani injiniya, G. Harry Stine, suka kafa ƙungiyar masu wasan roka cikin 1957, daga baya Vern Estes ya ƙera na'urar da ke buga irin waɗannan injuna da yawa. Ƙa'idar da suka shimfiɗa ita ce, yaro ya ƙera gangar jiki da kwali da katako marar nauyi, inji kuwa ya sayo na masana'anta, kada ya dama kome da hannunsa. To, wannan inji ba abu ne da za a shiga kasuwar Jalingo ko ta Sabon Garin Kano a sayo ba. Abin da ke kwance a kowane lungu, har yana toshe magudanun ruwa da damina, shi ne gorar lemo.

Yaya ruwa zai ɗaga abu sama? Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Lau ko Ibi, a bakin Binuwai, ya san amsar ko da bai san ya sani ba. In mutum ya yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwalen baya yake yi. Maharbi kuma ya san yadda bindiga ke dukan kafaɗa in ta tashi. Duk abin da ya tura wani abu, shi ma abin yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida, ta fuskar da ke kishiyar waccan. Baturen Ingila Isaac Newton ya rubuta wannan cikin 1687, ita ce dokarsa ta uku game da motsi. Roka ba ta tokarar ƙasa, ba ta kuma tokarar iska. Abin da ke cikinta take fesarwa ƙasa da ƙarfi, shi kuma ya tunkuɗa ta sama. Wannan magana ta daɗe tana rikita har masu ilmi. Cikin 1920 babbar jaridar nan ta New York Times ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a, wai bai san roka ba za ta yi aiki a inda babu iska ba. Sai cikin Yulin 1969, Apollo 11 tana kan hanyar wata, jaridar ta buga gyara.

A rokar gora, iskar da aka matse da famfo ita ce ƙarfin, ruwa kuwa shi ne abin da ake fesarwa. In aka harba gorar da iska zalla za ta ɗan yi tsalle ta faɗo, saboda iska ba ta da nauyi. Ruwa ya fi ta nauyi wajen ninki 800. In aka buga iska har gejin famfo ya nuna 60, watau kusan ninki biyu na abin da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota, ruwan yakan fito daga bakin gorar da gudun kusan kilomita 100 a awa, yana tunkuɗa ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 30, alhali ita da ruwanta duka ba su kai kilo ɗaya ba. Kafin ƙiftawar ido ruwan ya ƙare. Duk sauran tafiyar da ake gani, da wannan tunkuɗar ta farko gorar ke yin ta.

Kayan haɗinta ba su da yawa. Ana neman gora biyu iri ɗaya, masu cin lita ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma lalle su kasance na lemo mai gas, don su aka yi domin jure matsi. Gorar ruwan sha ba ta da kauri, ba ta yi. Wadda ta sha rana a juji har ta yi fari, ko wadda ta ƙarje, ita ma a bar ta. Gora ta farko ita ce tanki, ba a huda ta, ba a yanka ta, ba a kusantar da ita ga wuta ko ruwan zafi. Ana kife ta ne, bakinta ya dubi ƙasa. Ta biyu kuwa sai a yanke kashi ɗaya cikin uku na samanta, a kifa shi a kan gindin ta farkon, a naɗe da salatif, ya zama hancin roka. A cikin hancin nan ake manna ɗan curin yumɓu kamar girman ƙwan kaza. Kada a sa dutse ko ƙusa, domin abin da ya hau zai sauko, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa wa.

Batun yumɓun nan shi ne inda masu farawa suka fi tuntuɓe. Suna ganin tun da ana son abu ya tashi, ai rage masa nauyi ya kamata. Sai gorar ta tashi tana juyi a sama kamar kazar da aka jefo daga kan katanga. Maƙeran kibiya sun riga kowa gane sirrin: ƙarfe a gaba, kyauro marar nauyi a baya, shi ya sa kibiya ke tafiya da kai. Haka roka take. Nauyi a gaba, sa'an nan a can baya, kusa da baki, a manna mata fukafukai uku ko huɗu waɗanda aka yanko daga kwali mai ƙarfi ko jikin tsohuwar jarka, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, a miƙe sak. In ta fara karkata, iska ta bugi fukafukan ta mai da ita kan hanya. Akwai gwajin da ake yi tun a ƙasa. A ɗora rokar, ba ruwa a ciki, a kan yatsa har a sami inda ta daidaita, a ɗaura igiya a nan, a yi ta wulwula ta bisa kai. In hancin ne ke gaba, ta yi. In tana tafiya a kaikaice ko da baya, a ƙara yumɓu ko a faɗaɗa fukafukai.

Saura abin harbawa, nan ne kuma za a bi ta wurin mai faci. A roƙe shi bawul na tsohon tib ɗin keke ko na babur. A yanko toshiya daga roba mai kauri, ko da ta dunduniyar silifa ce an ninka, a sassaƙe ta yadda za ta shiga bakin gorar da ƙyar, a huda tsakiyarta a zura bawul ɗin. Daga bawul zuwa famfo a sa siririn tiyo mai tsawon mita biyar ko fi, don mai bugawa ya yi nesa. Rokar tana tsayawa a kan bulo uku ko 'yar kujerar katako mai rami a tsaka, hancinta na duban sama. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na gorar, a toshe, a kife, kowa ya ja da baya, a fara bugawa. Za a ga kumfa na hawa cikin ruwan. Da iskar ta fi ƙarfin toshiyar sai ta tumɓuke ta da kanta, a ji fau, ruwa ya watsu, gora ta yi sama. Masu son su riƙe ta har ta cika sosai sukan yi mata maƙalli na waya a wuya, wanda ake fizgewa da doguwar igiya.

Ko da yake ba wuta a ciki, kada a raina ta. Gorar da ta fashe cike da matsattsiyar iska tana iya kurmantar da kunne, ta yanki fuska. Sabuwar gorar lemo takan jure fiye da ninki biyu na 60 ɗin nan, amma ba a kan wannan ake dogara ba. Ga yara, 60 ce iyaka. Ba a amfani da kwalba ko gwangwani, ba a kuma kai ta ga injin iska na mai faci, don ba shi da linzami. Kafin a fara aiki da kowace gora sai a gwada ta: a cika ta maƙil da ruwa, a buga mata iska daga nesa. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka in za ta fashe, tsagewa kawai za ta yi ruwan ya zube. In an buga iska roka ta ƙi tashi, ba wanda zai leƙa ta. A saki iskar ta wajen famfo tukuna. Fili kuwa ya zama kamar na ƙwallon makaranta, nesa da wayar lantarki da titi da rufin mutane, nesa ƙwarai da filin jirgin sama na Danbaba Suntai. Da sassafe ya fi, kafin iska ta taso.

Har zuwa nan wasa ne, mai daɗi kuwa. Abin da ke mai da shi ilmi shi ne awo. Yaro ɗaya ya riƙe agogon wayar hannu, ya ƙirga sakan nawa rokar ta yi daga tashi zuwa faɗuwa. A ninka adadin da kansa, a ƙara masa rubu'insa, abin da ya fito shi ne kimanin tsawon da ta kai da mita. In ta yi sakan 4, huɗu sau huɗu 16, a ƙara 4, ta kai wajen mita 20. In ta yi sakan 6, ta kai wajen 45. Lissafin yana ɗan zarcewa saboda jan iska, amma ya isa a gwada harbi da harbi. Wani yaron kuma ya auna mita 50 daga wurin harbi ya tsaya, riƙe da ma'aunin kusurwa, wannan rabin da'irar da ke cikin akwatin lissafi wadda yawancin ɗalibai ke gama makaranta ba su san ranarta ba. A ɗaura mata zare a tsaka da ɗan dutse yana reto, ya bi rokar da gefen ma'aunin har inda ta tsaya, ya danne zaren ya karanta. In ya ɗaga digiri 45 daga kwance, rokar ta hau mita 50. In digiri 30 ne, wajen mita 29. Sai a haɗa da tsawon shi mai awon.

Da an sami awo sai gardama ta kankama, irin wadda malamin kimiyya ke neman ta da kuɗi bai samu ba. Wani ya ce a cika ruwa rabi, wani ya ce rubu'i. A harba kowanne sau uku, iska ɗaya, a rubuta a littafi. Za su gano da kansu cewa ruwa in ya yi yawa gorar ta yi nauyi, wurin iska kuma ya ragu. In ya yi kaɗan ya ƙare kafin ta yi gudu. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne ta fi nisa. Wannan ciniki tsakanin nauyin makamashi da nisan tafiya shi ne ciwon kan duk mai ƙera roka a duniya. Malamin makarantar nan na garin Kaluga a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda kunnensa bai ji sosai tun yana yaro, shi ya fara warware shi da alƙalami cikin 1903. Rokar da ta kai mutane wata tsawonta mita 111 ne, nauyinta kusan tan 3,000, kuma wajen kashi tara cikin goma na nauyin nan makamashi ne. Kada dai a ruɗi yara: kafin abu ya zauna yana kewaya duniya sai ya yi gudun kilomita 28,000 a awa, ba kuwa ruwan da zai kai shi nan.

Amma kada kuma su raina mita 30 ɗinsu. Ran 16 ga Maris 1926, a gonar wata gwaggonsa a Jihar Masacusets, Goddard ɗin nan da aka yi wa ba'a ya harba roka ta farko a duniya mai aiki da makamashi na ruwa-ruwa. Sakan biyu da rabi ta yi a sama, ta hau ƙafa 41, watau ƙasa da mita 13. Gorar lemon da aka daidaita da kyau ta fi ta hawa. Ita kanta rokar ruwa, in ta sami masu naci, tana nisa: cikin Agustan 2015 ɗaliban Jami'ar Keftawun ta Afirka ta Kudu sun harba wata, wadda suka ƙera wa gangar jiki ta musamman, ta hau mita 830, a lokacin ba wanda ya taɓa kai haka.

Me ya sa wannan ya dami ƙasa, ba makaranta kaɗai ba? Nijeriya ba baƙuwa ce ga harkar sararin samaniya ba. A farkon shekarun 1960 an yi wata tashar Amurka a Kano mai bin sawun kumbo, tana cikin waɗanda suka saurari John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya ran 20 ga Fabrairun 1962. Cikin 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, rokar Rasha ta ɗaga shi cikin Satumban 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, ƙasar Sin ta ƙera ta harba cikin Mayun 2007, ya mutu cikin Nuwamban 2008, ta maye gurbinsa da wani cikin Disamban 2011. Cikin Agustan 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Rasha, shi na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Hukumar tana da cibiyar nazarin roka a Epe ta Jihar Legas, inda ake gwada ƙanana. Duk da haka har yau ba tauraron Nijeriya ko ɗaya da ya hau sama a kan rokar Nijeriya. Kullum a motar haya ake tafiya, a biya da kuɗin waje.

Indiya ma da haya ta fara. Ran 21 ga Nuwamban 1963 ta harba rokarta ta farko daga Tumba, wani ƙauyen masunta, rokar kuwa ta Amurka ce. Tsohon coci ne ofishinsu, a kan keke ake ɗaukar wasu sassan zuwa wurin harbi. Cikin samarin da ke wurin akwai Abdul Kalam, ɗan mai jirgin fito, wanda ya jagoranci ƙera rokar da ta ɗaga tauraron Indiya daga ƙasar Indiya cikin 1980, ya kuma zama shugaban ƙasa cikin 2002. Ran 23 ga Agustan 2023 kumbon Indiya ya sauka a kan wata. Kuɗi sun yi aiki, ba shakka, amma kuɗi ba su sayen mutanen da suka saba gwadawa su kasa, su rubuta dalili, su sake gwadawa. Irin waɗannan tun suna ƙanana ake renonsu, kuma a ƙasashen Asiya, musamman Japan, gasar rokar ruwa tsakanin makarantu tana cikin hanyoyin renon.

A Jalingo akwai Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa cikin 2008, akwai makarantun sakandare na kimiyya da na fasaha, akwai kuma masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara, wasunsu da digirin injiniya, a ba su alli su yi ta kwafe littafi a allo. Abin da ya rage shi ne shugaban makarantar da zai ba da fili da safiyar Asabar. Tun 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranakun 4 zuwa 10 ga Oktoba na kowace shekara a matsayin makon sararin samaniya, lokacin kuwa ya dace da Jalingo, damina tana ban kwana, ƙasa da sauran laushi, gora ta faɗo ba ta fashe ba. Kafin ranar, ya aika wa mai unguwa da babban jami'in 'yan sanda na yankin takarda, ya gayyace su su zo su gani, don ƙarar fau a filin makaranta tana iya sa iyaye su fito a guje. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, 'yan mata da nasu, kowace da gorarta da littafin awonta. Famfo biyu sun wadatar, ana iya arowa wurin masu gyaran keke. Jarkar ruwa ɗaya mai cin lita 20 kuwa ta isa harbi arba'in.